Monmouthshire a Wales take, kar a ruɗa ki

'Yar uwa, kin ce kin samu aikin kula da tsofaffi a garin Abergavenny, takardarki ta ce a gundumar Monmouthshire yake, wani ya ce miki Gwent, wani kuma ya ce ai Ingila ce. To Wales ce. Na daɗe ina zaune a yankin, har yau zaki haɗu da dattijon da zai yi miki gardama akan haka, kuma ba banza yake yi ba.

Abin ya samo asali tun zamanin Sarki Henry na 8 na Ingila. Dokar 1535 ce ta kafa gundumar daga ƙasashen iyayen ƙasa na kan iyaka, sai dokar 1542 ta lissafo gundumomin Wales guda 12 bata sa ta a ciki ba, shari'arta ma aka haɗa da kotunan Ingila, shi yasa ɗaruruwan shekaru a takardun gwamnati sai kiga an rubuta "Wales da Monmouthshire" kamar 'yar riƙo. Sai a 1974 aka kashe maganar, doka ta ce Wales ce, aka sa mata suna Gwent. A 1996 kuma aka sake rushe Gwent ɗin, Newport ta tsaya da ƙafarta, Torfaen da Blaenau Gwent suka fita, wani yanki ya koma Caerphilly, abin da ya rage ta gabas shi ya riƙe tsohon sunan. 'Yan sanda dai har yanzu Gwent Police ne.

Kwarurrukan kwal da ƙarfe irin su Ebbw Vale duk sun tafi da rabon nan, yanzu gonaki ne da tumaki, duwatsun Black Mountains a arewa, kogin Usk ya ratsa ta Abergavenny ɗinku, kogin Wye kuma shi ne iyaka da Ingila ta wajen Chepstow. Bas ba ta da yawa a ƙauyuka, idan gida-gida zaki riƙa zuwa ki nemi lasin tuƙi da wuri.

Kuma ki lura, dokar Wales ce zata hau kanki. Rajistar aikinki da Social Care Wales, hukumar rajistar masu aikin kula da mutane, zaki yi, maganin da likita ya rubuta kyauta ne tun 2007, cikin gari kuma yawancin tituna iyakar gudu mil 20 a awa ne tun 2023, ki kiyaye kyamara. In zaki Bristol ta Ingila cefane, gadar Severn da ta haɗa Wales da Ingila ba a biyan kuɗi tun ƙarshen 2018.