Ta Ina Ake Shiga Fasahar Yanar Gizo Mai Ma'ana?

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin na zauna amsa maka. Ka ce ka samo littattafai uku na masu farawa a kan fasahar yanar gizo mai ma'ana, wato tsara bayanai a intanet ta yadda kwamfuta za ta gane abin da suke nufi, ka yi mako shida kana fama da su: na farko ya cika maka ido da alamomin XML, wani salon rubuta bayanai don kwamfuta, na biyu ya tsunduma ka cikin ilimin manɗiƙi tun daga babi na biyu, na uku kuwa ba ya komai sai zayyana abin da kwamfuta za ta yi wa ɗan Adam nan gaba. Ka tambaye ni wanne za ka riƙe, kuma a ƙarshen saƙon ka ƙara da cewa wataƙila kanka ne bai ɗauka ba. Kanka lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne ka shiga gidan ta taga alhali ƙofar tana buɗe.

Kafin komai, buɗe shafin farko na kowane littafi ka duba shekarar da aka buga shi, domin a wannan sana'a shekarar littafi tana gaya maka rabin abin da ke cikinsa. Hukumar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994 don tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da RDF, ƙa'idar bayyana abubuwa da dangantakarsu, a 1999, ta sake masa fasali a 2004, shekarar da OWL, harshen manɗiƙi da ake ɗorawa a kan RDF, ma ya fito. Harshen tambaya na SPARQL bai zama ƙa'ida ba sai a 2008, aka faɗaɗa shi a 2013, sannan a 2014 aka tabbatar da Turtle da JSON-LD a matsayin hanyoyin rubuta RDF. Saboda haka littafin da aka rubuta kafin 2008 galibi yakan koya maka abin ta hanyar XML, tun da ita ce hanyar da hukuma ta amince da ita a lokacin, kuma ba zai ba ka ingantacciyar hanyar yi wa bayananka tambaya ba. Ina kyautata zaton littafinka na farko ɗan wancan zamanin ne. Kada ka yar da shi, bayaninsa na tushe yana nan daram, amma ka tsallake duk shafin da ya cika da ƙusoshin XML ba tare da jin ka yi asara ba. Na ukun kuma, mai alkawura, ya gaji ruhin maƙalar da Berners-Lee da James Hendler da Ora Lassila suka wallafa a mujallar Scientific American a 2001, inda suka hango manhajoji suna shirya wa mutum ganin likita da kansu. Karanta shi dare ɗaya don ka san mafarkin da aka faro da shi, ka mayar da shi kan kanta.

Ƙofar da nake nufi ƙarama ce, har takan ba mai koyo mamaki. Duk ginin nan a kan jimla ɗaya yake tsaye, jimla mai gaɓa uku: abin da ake magana a kansa, dangantakar, da abin da aka danganta shi da shi. Paris, babban birnin, Faransa. A rubutun Turtle kusan haka za ka rubuta ta, kalma uku a jere sai ɗigo a ƙarshe. Idan ka ƙara jimla ta biyu da ke cewa Faransa tana nahiyar Turai, ka ga gaɓar ƙarshe ta jimlar farko ta zama gaɓar farko ta jimla ta biyu, kuma da haka jimloli ke ƙulluwa da juna har su zama raga. Wanda ya saba da jadawali mai layuka da ginshiƙai, irin na rumbun bayanan da ka yi shekara biyu kana aiki da shi a wurina, yakan nemi inda jadawalin yake. Babu shi. Kowane gurbi na jadawalin nan naka ya zama jimla mai zaman kanta, lambar layin ita ce abin magana, sunan ginshiƙin shi ne dangantaka, abin da ke cikin gurbin shi ne gaɓa ta uku. Ribar wannan ita ce idan ka kawo bayanai daga wurare biyu, haɗa su bai wuce zuba jimlolin wuri ɗaya ba, muddin sunayen sun dace.

A wannan sharaɗi na ƙarshe aikin gaba ɗaya yake, kuma a nan nake so ka daɗe. Kalma kaɗai ba ta isa suna ba. Akwai wani tsarin kalmomin bayanin takardu da za ka ci karo da shi a kowane littafi, ana kiransa Dublin Core, mai gaɓoɓi 15 na asali kamar take da mawallafi da kwanan wata. Yawancin masu koyo suna ɗauka daga babban birnin Ayilan ya samo sunansa, alhali daga wani gari ne mai suna Dublin a jihar Ohio ta Amurka, inda aka yi taron da ya haife shi a 1995. To, idan mutum mai hankali ya ruɗe da wannan, yaya kwamfuta za ta yi da kalmar da aka miƙa mata tsirara? Shi ya sa a RDF ake ba kowane abu shaidarsa ta musamman mai kama da adireshin shafin intanet, wadda ake kira URI, ta yadda Dublin biyun nan kowanne yana da tasa, kuma dangantakar ita ma tana da tata. A 2006 Berners-Lee ya taƙaita al'amarin a ƙa'idoji huɗu: ka sa wa abubuwa suna da URI, ka yi amfani da irin wanda za a iya buɗewa a yanar gizo, idan an buɗe a tarar da bayani mai amfani bisa ƙa'ida, kuma ka saka mahaɗai zuwa sunayen wasu. Ni a ganina waɗannan layuka huɗu sun fi babi uku na yawancin littattafan gabatarwa amfani.

Gani ya kori ji, don haka ga aikin da za ka yi a makon nan. Buɗe Wikidata, rumbun da aka ƙaddamar a 2012, ka nemi Paris. Za ka ga lambarta Q90 ce, ta Faransa Q142, dangantakar babban birni kuma P36, wadda a nan take tashi daga ƙasa zuwa birninta. Lura da yadda lambar take zama ɗaya tilo yayin da sunan da ke manne da ita yake sauyawa daga harshe zuwa harshe. Daga nan ka shiga shafinsu na tambaya, wanda ba ya bukatar ka girka komai a kwamfutarka, ka rubuta jimla mai gaɓa uku amma ka bar gurbi biyu a buɗe da alamar tambaya, wato wace ƙasa, P36, wane birni. SPARQL ke nan a taƙaice: jimla ce da aka huda, injin kuma ya cike hujin da duk abin da ya dace. Ka iyakance amsar zuwa goma ko ashirin da farko, domin shafin yakan yanke tambayar da ta wuce minti ɗaya tana aiki. Za ka tarar da abubuwan da ba ka zata ba a cikin amsar, dauloli da suka shuɗe da jihohi da larduna, saboda ba ka ce ƙasa mai ci a yau kake nufi ba. Gyaran wannan tambayar har ta ba ka abin da kake so zai koya maka fiye da abin da mako shidan nan suka koya maka.

Bayan haka sai ka rubuta naka da hannu. Ɗauki littattafai ashirin, ka bayyana su a fayil ɗin Turtle, kana aron kalmomin Dublin Core ko na schema.org maimakon ƙirƙiro naka, ka loda fayil ɗin da rdflib tun da ka iya Python, ko da Apache Jena idan Java ta fi maka sauƙi, ka yi masa tambayoyi.

Yanzu sai littafinka na biyu, mai manɗiƙi, wanda shi ne mafi daraja a cikinsu kuma mafi haɗari ga wanda ya zo daga inda ka zo. Bari in ba ka labarin kuskurena. Shekarun baya an ba ni aikin tsara bayanan wani ɗakin karatu, sai na rubuta a tsarin cewa duk abin da ya zo a gurbin marubuci mutum ne, na yi amfani da rdfs:range, ina zaton na kafa mai gadi a bakin ƙofa wanda zai kori duk bayanin da ya saɓa. Muka loda bayanan, babu ƙorafi ko ɗaya daga injin, na yi murna. Bayan kwana biyu ma'aikaciyar da ke kula da kundin ta kira ni ta nuna mini allonta: a jerin mutanen da ke rumbun akwai ma'aikatu da kwamitoci da jami'o'i, kowannensu an ba shi gurbin ranar haihuwa yana jiran a cike. Rahotanni da yawa hukumomi ne suka rubuta su, injin kuwa bai ga laifi ba, ya yi istinbaɗi ne kawai: ka ce duk marubuci mutum ne, wannan kwamiti marubuci ne, ashe kwamitin mutum ne. Ya yi daidai, ni ne na faɗi abin da ban nufa ba.

Dalilin wannan shi ne RDFS, tsarin da rdfs:range ya fito daga cikinsa, da OWL an gina su ne don ciro sabon bayani daga wanda aka bayar, kuma suna tafiya a kan zaton cewa duniya a buɗe take. A rumbun bayanan da ka sani, abin da ba a rubuta ba babu shi. Idan sunan mutum ba ya cikin jadawalin ma'aikata, to ba ma'aikaci ba ne. A nan kuwa abin da ba a rubuta ba, ba a san shi ba ne kawai, wataƙila yana rubuce a wani wuri da ba ka kai ba tukuna, abin da ya dace da yanar gizo tun da babu wanda ya taɓa karanta ta duka. Haka kuma sunaye biyu mabambanta ba sa nufin abubuwa biyu ne har sai ka faɗa. Idan ka ce kowane littafi mawallafi ɗaya gare shi, sannan aka kawo littafi mai mawallafa biyu, injin OWL zai iya yanke hukuncin cewa su biyun abu ɗaya ne mai suna biyu, maimakon ya ce an yi kuskure. Mai gadin da na nema a wancan lokaci bai zama ƙa'ida ba sai a 2017, da sunan SHACL, kuma shi ne ake ba aikin duba ko bayanai sun cika sharuɗɗa. Littafin da ya girmi wannan shekara ba zai ambace shi ba, kuma wannan giɓi ne da za ka cike daga takardun W3C kansu, waɗanda suke kyauta a intanet. Takardarsu ta gabatarwa a kan RDF ta 2014 gajera ce, ka karanta ta a yini ɗaya.

Saboda haka ka jinkirta OWL har sai ka ji bukatarsa a jikinka, wato ranar da ka gaji da maimaita abin da injin zai iya ganowa da kansa. Ranar nan ka sauke Protégé, manhajar da Jami'ar Stanford ta samar, ka gina ƙaramin tsari mai aji biyar ko shida, ka kunna injin istinbaɗi ka ga abin da zai ce. Ka yi hattara da owl:sameAs musamman, domin ma'anarsa ita ce abu biyun ɗaya ne ta kowace fuska, duk abin da aka faɗa a kan wannan ya hau kan wancan. Masu gaggawa sukan haɗa birni da lardin da ke ɗauke da sunansa, sai yawan jama'ar lardin ya koma na birnin.

Ka kuma tambaya a gefe ko fasahar tana da rai har yanzu, tun da ba ka cika jin sunanta ba. Sunan ne ya ja baya, aikin yana nan. Tun 2011 Google da Microsoft da Yahoo suka haɗu a kan schema.org, kuma shafuka masu ɗimbin yawa suna ɗauke da JSON-LD a cikinsu don injunan bincike su gane farashi da ranar taro da sunan marubuci. A 2012 Google ya sanar da ragar iliminsa, kuma da irin wannan suna kamfanoni suka fi kiran abin a yau. Manhajojin da aka yi mafarkinsu a 2001 ba su zo a yadda aka zana su ba, amma ɗakunan karatu da gidajen tarihi da masu binciken ƙwayoyin halitta suna musayar bayanai da RDF kullum.

Idan ka gama fayil ɗin littattafai ashirin ɗin, turo mini shi tare da tambayoyi uku na SPARQL da ka rubuta a kansa, ɗaya daga ciki ta nemo littattafan da ba a rubuta musu shekarar bugu ba. Ka tabbata a cikin ashirin ɗin akwai aƙalla ɗaya da hukuma ta rubuta, da ɗaya mai marubuta biyu, ina so in ga yadda za ka yi da su.