Shin laifi ne ƙasa ta dogara da abincin waje?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Muna musu da abokai, wasu na cewa maganar ƙasa ta ciyar da kanta siyasa ce kawai, tunda Allah ne mai ciyarwa ko daga ina abinci ya zo shikenan. Meye gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh sayen abinci daga wata ƙasa halal ne, ba mai ce maka haramun. Amma a ce al'umma guda cikinta yana hannun wasu alhali tana da ƙasar noma da ruwa, wannan sakaci ne, dan malamai irinsu Imam Ghazali sun sa noma cikin farillan kifaya, in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Ka duba labarin Sumamatu bin Usal, shugaba a Yamama. Da ya musulunta sai ya rantse wa Ƙuraishawa cewa ko ƙwayar alkama ɗaya ba za ta zo musu daga Yamama ba sai Annabi (SAW) ya yi izini, kuma haka aka yi, yunwa ta gallabe su har suka aiko suna roƙon Annabi da zumunta, shi ne ya sa aka buɗe musu hanya. Kaga mutum ɗaya ya durƙusar da Makka ba tare da ya zare takobi ba, su sun yi dace wanda ke riƙe da hanyar mai jinƙai ne, ba kullum ake samun haka ba wallahi.

Maganar Allah ne mai ciyarwa gaskiya ce, amma Annabi Yusuf (AS) ya fi mu sanin haka, kuma cewa ya yi a yi noma shekara 7 a jere a bar hatsin a zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci (Yusuf, aya ta 47). Annabinmu ma yana ajiye wa iyalinsa abincin shekara, yana cikin Bukhari. Tanadi bai ɓata tawakkali.

Sai dai kar a haɗa tanadi da ɓoye abinci dan ya yi tsada, wannan shi ne ihtikari, hadisin Muslim ya ce ba mai yinsa sai mai saɓo.

Nauyin kuma ya fi hawa kan shugabanni. Sayyidina Umar har karɓe filin Aƙiƙ ya yi daga Bilal bin Haris, iya abinda ya kasa nomawa, ya raba wa masu iyawa, duk da Annabi ne ya ba shi filin.