Me Ya Sa Ake Hana Fitar da Gungume Amma A Yarda da Tsagaggen Katako?

Tambaya: Malam, na ji cewa wasu ƙasashe masu dazuzzuka sun hana fitar da gumagumai zuwa waje, amma suna ƙarfafa sayar da katakon da aka riga aka tsaga. Ai duk itace ɗaya ne, mene ne bambancin? Kuma me ya sa masu saye suke yawan neman takardu?

Amsa: Malam, bambancin yana wurin wanda ke cin ribar aikin. Idan gungume ya bar ƙasa yadda aka sare shi, aikin tsagawa da busarwa da tantancewa duk sun tafi tare da shi, kuma ma'aikatan wata ƙasa ne za su karɓi ladan. Wannan ne ya sa Gabon ta hana fitar da gumagumai daga shekarar 2010, ta tilasta wa kamfanoni su kafa masana'antu a cikin gida. Akwai kuma batun kuɗin jirgi, domin wajen tsagawa kusan rabin gungume, wani lokaci ma fiye, yakan tafi a ɓawo da guntaye da garin katako, kuma babu hikima a biya kuɗin dakon abin da za a zubar.

Busarwa ita ce inda ƙananan 'yan kasuwa suka fi yin asara. Ɗanyen katako yana da nauyi, kuma idan aka rufe shi a kwantena ya yi makonni a kan teku, sai a buɗe a tarar ya yi fumfuna ko ya murɗe, bakinsa ya tsattsage. Shi ya sa ake shigar da shi ɗakin busarwa mai zafi, a jera shi da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, har danshinsa ya sauka zuwa abin da aka rubuta a yarjejeniya. A Amurka, wadda ke sayar wa Sin da Biyetnam katakon itacen da ake kira oak mai yawa, akan busar da katakon kayan ɗaki har danshinsa ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Daga nan a duba kowane falanki a ba shi daraja gwargwadon yawan ƙulli da tsagar da ke jikinsa.

Su kuwa takardu, sare dazuzzuka ba bisa ƙa'ida ba ne ya jawo su. Amurka ta gyara dokarta ta Lacey a 2008 ta haramta shigo da katakon da aka sare ta haramtacciyar hanya, Tarayyar Turai kuma ta fara aiki da irin tata dokar a 2013. Haka nan yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, ta sanya itacen madobiya a rukuninta na biyu, wato na waɗanda ba a fitar da su sai da izini, a 2016, bayan kasuwar kayan ɗaki ta Sin ta yi wa itacen mummunan ci a Afirka ta Yamma. A ganina waɗannan sharuɗɗa sun dace, ko da yake nauyinsu ya fi faɗawa kan ƙaramin mai injin tsaga, wanda ba shi da kuɗin ɗaukar masu bincike. Duk mai son shiga harkar ya fara tabbatar da izinin sara da shaidar lafiyar kaya daga ƙwari kafin ya yi maganar farashi, domin kwastan suna iya riƙe kwantena a tasha saboda rashin takarda ɗaya.