Amsoshin tambayoyinku kan tura zane da sa hannu ta kwamfuta

Tambaya: Mu huɗu ne a ofishinmu na zanen gini a Zariya, kuma ta WhatsApp muke tura wa juna zane. Shin ya kamata mu biya kuɗin ma'ajiyar intanet?

Amsa: Injiniya, kada ku yi gaggawar biya. Google Drive yana ba kowane mutum gigabait 15 kyauta, OneDrive kuma 5, wanda zai ishi ƙaramin ofis na ɗan lokaci, alhali kuɗin wata-wata na manyan manhajoji irin su Autodesk Docs ya danganta da farashin dala. Matsalarku ta fi ƙarfin wurin ajiya. A WhatsApp zane uku masu suna ɗaya sukan taru a wayar birkila, ya buɗe na makon jiya ya ɗaure rodi mai milimita 12 inda gyaran ƙarshe ya ce 16. Ku ware jaka ɗaya ga kowane aiki, ku rubuta lambar gyara da kwanan wata a sunan fayil, sannan mai aikin fili ya samu izinin dubawa kawai, ban da na gyarawa.

Tambaya: Ni ɗan kwangila ne. Injiniyan da yake mini aiki yana yawan tafiya, na ce ya turo mini hoton hatiminsa da sa hannunsa in riƙa mannawa a kan zane, ya ƙi. Wace manhaja ce za ta yi mini wannan?

Amsa: Alhaji, ba zan faɗa maka ba, kuma injiniyanka ya yi daidai. Hukumar COREN mai kula da aikin injiniya a Najeriya, wadda aka kafa a 1970, tana yi wa injiniya rajista ne domin a san wanda za a tuhuma idan gini ya tsage ko ya rufta da mutane. Hatiminsa a kan zane shaida ce cewa shi da kansa ya duba lissafin ginshiƙi da nauyin da tubali zai ɗauka. Ranar da hoton ya shiga wayarka, ya shiga wayar yaronka da ta mai buga maka takardu, daga nan kuma ba wanda ya san zanen bene hawa nawa zai fito da sunan mutumin da bai taɓa ganinsa ba. Wannan ɗabi'a ta yi yawa, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin masu yin ta suna kiranta sauƙaƙa aiki, alhali jabu ce tsantsa, kuma rayukan waɗanda za su kwana a ginin ake wasa da su.

Sa hannu na gaskiya ta kwamfuta daban yake da manna hoto. Manhajar sa hannun takan lissafa wata lamba daga dukkan abin da ke cikin fayil, ta kulle ta da mabuɗin sirri na mai sa hannu, ta haɗa da satifiket da ke nuna ko wane ne. Idan wani ya canza ko da lamba ɗaya ce bayan haka, Adobe Acrobat Reader, wanda kyauta ne, zai nuna cewa an taɓa takardar. Saboda haka tafiya ba hujja ba ce: ka tura masa zanen a fayil ɗin PDF, ya duba a inda yake, ya sa hannu da kansa. Ku kuma injiniyoyi, kada ku ba kowa kalmar sirrinku, ko sakataren ofis ne, ko ƙaninku uwa ɗaya uba ɗaya.

Tambaya: Ban daɗe da samun rajista ba. Na sa hannu a yarjejeniyar aiki ta DocuSign, manhajar sa hannu ta intanet, yanzu ina fargabar kada kotu ta ƙi amincewa idan aka hana ni haƙƙina.

Amsa: 'Yata, ki kwantar da hankalinki, kin yi abin da ya dace. Sashe na 93 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya amince da sa hannu ta na'ura, sashe na 84 kuma ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar takardar da ta fito daga kwamfuta. Ki sauke yarjejeniyar tare da takardar shaidar kammalawa da DocuSign ke bayarwa, wadda ke nuna wanda ya sa hannu da lokacin, ki ajiye su wuri biyu. Amma zanen neman izinin gini, ki fara tambayar hukumar tsara birane ta jiharki, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, irin sa hannun da suke karɓa.

Tambaya: An yi mini tayin manhajar zane ta AutoCAD mai lasisin har abada a kan kuɗi kaɗan. In saya?

Amsa: Malam, kamfanin Autodesk, mai AutoCAD, ya daina sayar da sabon lasisi irin wannan tun 2016, don haka da alama na sata ne, kuma irinsa yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta da za ta iya kwashe zanen mutane da kalmomin sirrinka. Idan duba zane kawai kake so, ka sauke DWG TrueView, kyauta ne daga kamfanin.