Sanayya da neman gurbin digirin digirgir a Turai

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka tambaya ko gaskiya ne sai da sanayya ake samun gurbin digirin digirgir a Turai, tunda ka rubuta wa farfesoshi da dama babu wanda ya tanka maka. Sanayya tana aiki ƙwarai, sai dai ba irin tamu ta ɗan wane ko surukin wane ba. Wadda ake nufi ita ce a samu malamin da ya san aikinka ciki da bai, har ya yarda ya tsaya maka da sunansa.

A Jamus na yi nawa, kuma a can yawancin ɗalibai farfesa ɗaya ne yake karɓarsu ya ɗauki nauyin duba bincikensu, shi ya sa Jamusawa suke kiransa Doktorvater, wato uban digiri. Ko tallafin DAAD, wato hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, kake nema don irin wannan karatu, dole ka haɗa da takardar da farfesa ya tabbatar cewa zai duba aikinka. To mutumin da zai yi shekara uku ko fiye yana fama da kai, kuma akwatin imel ɗinsa kullum cike yake da saƙonnin baƙi, ba abin mamaki ba ne ya fi sauraron abokin aikin da ya yarda da hukuncinsa.

Ni kaina na kusa shekara ina aika saƙonni babu amsa, har na fara sarewa. Daga baya malamin da ya duba mini aikin digiri na biyu ya tuna da wani farfesa da suka taɓa haɗuwa a taron ƙara wa juna sani, ya rubuta masa 'yan layuka, ya haɗa da babi ɗaya na kundina. Cikin mako guda amsa ta zo. Amma iyakar abin da sanayyar ta yi mini ke nan, ta sa an karanta ni. Farfesan ya yi mini tambayoyi na tsawon awa guda ta bidiyo, kuma sau biyu yana dawo mini da tsarin binciken da na gabatar kafin ya sa hannu. Na san wani da aka gabatar da shi ta irin wannan hanya, aka duba tsarinsa aka ga bai nuna ba, aka ba shi haƙuri.

Idan ba ka da mai gabatar da kai, ka duba Suwidin da Holan, inda ake tallata gurbin kamar aikin albashi, galibi na shekara huɗu, kowa ya nema. Ko a can ana karanta wasiƙun shaida da kyau, wani lokaci har a kira wanda ya rubuta.

Saboda haka ka koma wurin malaminka na digiri na biyu ka tambaye shi wa ya sani a fanninku. In kuma za ka sake rubuta wa farfesa kai tsaye, ka fara karanta maƙalarsa ta baya-bayan nan, ka nuna masa inda tambayar bincikenka ta haɗu da tasa.