Tsofaffin diramomin Kirsimeti a faifai, hoton yana kalluwa?

Mai tambaya ko hoton tsofaffin diramomin Kirsimetin Amurka na DVD yana da kyau, malam kar ka sa rai da yawa. Farkon shekarun 1950 da yawansu kai tsaye ake watsa su a talabijin, na'urar naɗar bidiyo ta kamfanin Ampex sai 1956 ta fito, to kyamarar fim ake kafawa gaban allon talabijin a ɗauka, shi ya sa zaka ganshi baƙi da fari dishi-dishi, kyandir da baƙin zobe kewaye da wutarsa, sauti na shuuu. Amma fa akwai daɗin kallo wallahi, ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe ya wuce abinsa, ga inuwar makirfo a bango, babu yankewa. Ka kalla a ƙaramar talabijin, babba tona musu asiri take.