Tambayoyinku: GPS mai ruɗewa bayan magariba

Tambaya: Salulata tana zafi in na sa ta caji.

Amsa: Cajar bakin tasha ce. Sauya ta, kuma ka bar kallon TikTok tana jone.

Tambaya: Malam, ni ɗan kabu-kabu ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Da rana taswirar wayata lafiya lau, amma wasu ranaku bayan magariba sai ɗigon nan shuɗi mai nuna inda nake ya yi ta tsalle. Mai gyara ya ce a buɗe ta.

Amsa: Kada ka yarda! Abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya: kome ya samu waya, sai a ɗauko sukurdireba. In ba cikin rumfar kwano kake tsaye ba, mai yiwuwa matsalar tana sama, inda hannun mai gyara ba ya kai.

Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda waya ke gane inda take da saƙonsu, suna nisan kusan kilomita 20,200. Kafin saƙonsu ya iso Maraɗi, sai ya ratsa wani sashe na sararin sama mai iskar da hasken rana ya cika da caji, masana na ce masa ayonosfiya. Da rana ta faɗi, ƙasan sashen kan yi saurin rasa cajinsa, sai kumfa marasa kauri su taso su keta sama, kamar tafasar kunu. Saƙon da ya bi ta gefen kumfar sai ya yi rawa, wani lokacin ya yanke, waya ta shiga kame-kame.

Kusa da ikwaitar maganaɗisun duniya, wato layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, arewa da kudu, abin ya fi faruwa, ita kuwa a yankinmu ta ratsa arewacin Najeriya, nan kudu da mu kaɗan. Taurari uku na Swarm da hukumar sararin samaniyar Turai ta harba a 2013 suna auna kumfar, haka na'urar GOLD ta NASA, takwararta ta Amurka, tun 2018. Abin kan tsananta wajen Maris da Satumba, da kuma lokacin da rana ke ganiyar ƙarfinta, wanda ke hawa da sauka duk kusan shekara 11, kamar a 2024.

Magani? Haƙuri, yawanci yakan lafa cikin dare. Masu awon gona da fili da waya, ku yi da hantsi. Kai kuwa, ɗan Maraɗi da ke neman taswira kafin ya kai fasinja Tibiri, sai addu'a.

Tambaya: Ko kumfar nan ce ke ɗauke mini hoton talabijin in ana ruwa?

Amsa: A'a, ruwan ne da kansa. Ɗaure kwanonka da kyau, ka jira ya ɗauke.